Ƙidayar Ungozoma

Yaro mai jaka da biro ya iso da hantsi,
ya ce daga Daura aka turo shi ƙidaya.
Na shimfiɗa masa buzu a gindin aduwa,
na ce, sha fura tukuna, lissafi ba ya gudu.

Ya ce, "Iya Tabawa, ku nawa ne a Rijiyar Barmo?"
Na ce, masu kwana a ciki, ko waɗanda aka haifa?
Ya yi dariya, wai ai duk ɗaya ne.
Yaro man kaza.

Barmo bafatake ne, kanwa yake saukowa da ita daga arewa.
A nan jakinsa ya karye, wata Laraba.
Ya zauna jinyar jaki, ƙishirwa ta sa shi tono,
gaba goma sha bakwai kafin ƙasa ta yi danshi.
Jakin bai tashi ba. Barmo ma bai tashi ba.
Asalinmu ke nan, babu yaƙi, babu kirari,
jaki ne da ƙishirwa.

Maƙera uku suka biyo hayaƙin murhunsa,
Arɗo Manu ya zo aron guga, ya kafa turke.
Tasalla mai daddawa ta ce kwana biyu za ta yi;
jikokinta ne duk unguwar gabas.

Kakata ta ce a yunwar Kakalaba
gida arba'in ya koma tara,
an ci tafasa ba gishiri, an tone gidan tururuwa.
Da malamin haraji ya zo da littafinsa
sai aka cusa samari cikin rumbuna,
gari ya yini na tsofaffi da awaki.
Ubana na ciki, ya fito da ƙaiƙayi har kunne.
Tun ranar takarda ba ta san mu daidai ba.

Ni na karɓi reza a hannun Gwaggo Yalwa
shekarar da fam ya zama naira,
shekarar da rijiya ta ba mu laka.
Ban yi boko ba, amma ina da tulu.
Duk cibiyar da na yanke,
ƙwallon aduwa guda nake jefawa.
Na cika biyu, na uku ya kai wuya.
Ɗaga ka ji, yaro. Nauyin garinmu ke nan.

Talatin da ɗaya baƙon dauro ya kwashe a bazara guda,
ban cire ƙwallonsu ba.
Wa zai ce wa Hansai ɗanta ba ɗan gari ba ne
don ya kwana sha tara kawai a cikinsa?

Ga Sha'aibu can Fatakwal yana yankan farce,
Mati na Agege a kan babur ɗin haya,
Marka na ɗaura wa mutane ruwa a asibitin Katsina.
'Yan biyun Ɗanjuma sun bi motar Agadas,
damina tara ke nan ba murya, ba gawa,
uwarsu har yau tana ƙara tsaba a awo.
Masu rai suna turo kuɗi ta waya,
a gina ɗakin bulo, a buga kwano, a sa kwaɗo,
ƙadangaru su tare.
Amma ka tona bayan kowane ɗakin uwa,
cibiyoyinsu na nan inda na binne,
ko ɗaya ba ta yi cin rani ba.

Ya zaga gida gida har azahar,
ya dawo da gumi da lamba:
ɗari shida da tamanin da uku.
Na ce, rubuta, aikinka ne.
Kai ka ƙirga kawuna, ni na ƙirga kuka.

Yana zuge jaka sai ga ƙaramar Ilu a guje,
ba ɗankwali, numfashi sama sama:
"Iya, matar yaya ta durƙusa!"
Na lalubi sandata,
na tsinci ƙwallo ɗaya a gindin aduwa,
na ce, yaro, kar ka rufe littafin nan,
jira ni zuwa la'asar.